Na gwada zaman Zen a Kiyoto, ina son jin ra'ayinku

Ɗan Zazzau a Japan:
Assalamu alaikum mutanen gida. Kwana biyu ba ku ji ɗuriyata ba, karatu ne ya sha min kai. Akwai maganar da nake so mu tattauna kuma dan Allah a karanta har ƙarshe kafin a yanke min hukunci. Shekara ta biyu kenan ina Kiyoto, to tun watan Nuwamba barci ya ƙaurace min, da na kwanta sai zuciya ta hau saƙa da warwara, ga aikin bincike ya ƙi tafiya ga Baba ba lafiya a gida, kuma tsakaninmu da ku awa 8 ne, lokacin da ya kamata ina barci lokacin ake kirana daga asibiti. Wani abokin karatuna ɗan Japan ya ga yadda na rame ya ce in raka shi zaman safe da ake yi a wani gidan ibadarsu na Zen, kowa na iya zuwa. Na yi asuba a ɗakina muka hau keke cikin sanyin Disamba. Tun a bakin ƙofa na ce wa malamin wurin ni Musulmi ne, ba zan rusuna wa gunki ba kuma ba zan yi karatunsu ba, ya ce ba komai in zauna kawai.

Zaman shi suke kira zazen. Ana ba ka ɗan kushin zagayayye ka zauna a bakinsa ka tanƙwashe ƙafa, baya a miƙe, hannun hagu a kan na dama manyan yatsu suna ɗan taɓa juna, ido ba a rufe ba kuma ba a buɗe sosai ba, kana kallon ƙasa ɗan gabanka. Sai a kaɗa ƙararrawa. Aikin duka shi ne ka ƙirga numfashinka daga 1 zuwa 10, in ka kai 10 ka dawo 1, in tunani ya ɗauke ka ma ka dawo 1. Wallahi jama'a a minti 15 ɗin farko ban taɓa wuce 4 ba. Ina 2 hankalina ya tafi asibitin Shika wajen Baba, ina 3 na koma kan wata magana da wani ya faɗa min shekara shida da suka wuce. Abin da ya girgiza ni ya zo ne da la'asar ɗin ranar, na sallame sallah na rasa wace sura na karanta a raka'ar farko, sai na gane ashe haka nake kullum, gangar jiki a kan darduma hankali a wata duniya, ban dai taɓa kama kaina ba sai ranar. Na koma sau biyu bayan nan. Tambayata: wannan abin da na yi ya dace? Kuma akwai wanda ya san wani abu a kai?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Ɗan'uwa ni zan faɗa maka gaskiya saboda ina ƙaunarka, wurin da ka je wurin bautar wanin Allah ne, akwai gunki a ciki kai ma ka faɗa, kuma zaman nan a wajensu ibada ce ba motsa jiki ba. Yau ka ƙi rusunawa, to wata shida nan gaba fa da ka saba da su kunya ta fara shiga? Shaiɗan ba ya cewa ka kafirta rana ɗaya, taki-taki yake bi. Abin da kake nema yana cikin sallarka, Allah ya ce da ambatonsa zukata ke natsuwa. Ina roƙonka ka daina zuwa.

Maman Hanifa:
Allah ya ƙara sauƙi ƙanena. Ni dai abin da ya taɓa ni maganar la'asar ɗin nan ce don wlh ni ce wannan. Shekaranjiya sau biyu na zuba gishiri a miya saboda ina girki ina duba waya ina tunanin kuɗin makarantar yara, da maigidan ya yi magana ma ban tuna na zuba na farkon ba. Sallah kuwa sai dai Allah ya yafe mana, ƙabli da ba'adi sun zama abokan zama. Wai shi Zen ɗin menene asalinsa, addini ne daban ko Buda ɗin ne?

Ɗan Zazzau a Japan:
Amin na gode. Malam Abu Sumayya maganarka ta cewa ibada ce a wajensu gaskiya ce, ba zan yi musu ba, duk wanda ya ce maka Zen wasan numfashi ne kawai bai je ya gani ba. Suna kunna turare, suna rusunawa, suna rera littattafansu da safe, ni a waje na tsaya lokacin da suka fara wannan. Anti, reshe ne na addinin Buda. Kalmar daga Indiya ta taso, a harshen Sanskirit ana cewa dhyana wato zaman tattara hankali, da ta shiga ƙasar Sin ta zama Chan, da ta tsallaka Japan ta zama Zen. Su suna danganta kawo shi Sin ga wani malami Bodhidharma wajen ƙarni na 6, har suna ba da labarin wai shekara 9 ya yi yana zaune yana fuskantar bango. A Japan manyan rassan biyu ne. Rinzai, wanda Eisai ya kawo, su ne suka fi ƙarfi a nan Kiyoto, suna ba almajiri wata tambaya mai kama da kacici-kacici da suke kira koan ya yi ta juya ta har shekaru, kamar wadda wani malaminsu Hakuin ya ƙirƙiro ta cewa yaya ƙarar tafin hannu ɗaya take. Sai Soto na Dogen, wanda aka haifa a 1200 ya rasu 1253, su bango suke fuskanta kuma ba ƙirga ba tambaya, zama ne kawai, tunani ya zo ka gan shi ka ƙyale shi ya wuce ba ka bi shi ba ba ka kore shi ba.

Yar Gobir:
Ni tambayata sandar nan da nake gani a bidiyo ana dukan mutane a kafaɗa, da gaske ne? An dake ka?

Ɗan Zazzau a Japan:
Da gaske ne Hajiya, faffaɗar sanda ce, kyosaku sunanta. A zaman baƙi irin wanda na je sai ka nema ake yi maka, in gyangyaɗi ya kama ka ka haɗa hannu ka sunkuya sai a buga maka a tsokar kafaɗa don ka wartsake. Ban nema ba saboda sunkuyawar.

Baba Malam:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka, jikata ce ke rubuta min ina faɗa. Yaro, ciwon da ka gano a jikinka tsohon ciwo ne kuma malamanmu sun daɗe da sa masa suna, gafala. Usmanu ɗan Abil Asi ya kai ƙara wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa shaiɗan na shiga tsakaninsa da sallarsa yana rikita masa karatu, aka ce masa wannan shaiɗanin sunansa Khinzab, yana cikin Muslim. Sahabi ne fa wannan. Kuma ya zo a Abu Dawuda cewa mutum zai idar da sallah ba a rubuta masa komai ba sai ɗaya bisa goma nata, ko ɗaya bisa tara, har zuwa rabi. Don haka kada ka ɗauka kai kaɗai ne, kuma kada ka raina abin da Allah ya nuna maka ko ta hannun wa ya nuna maka.

Amma ga inda muka rabu da mutanen nan. Mu ma muna da zama, muraƙaba muke ce masa, asalinsa hadisin Jibrilu, ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in ba ka ganinsa to shi yana ganinka. Sufaye suna cewa sufi ɗan lokacinsa ne, wato ba ya zaune a jiya ba ya zaune a gobe, abin da wannan sa'ar ta wajabta masa shi yake yi. 'Yan Naƙshabandiyya ma cikin ƙa'idojinsu akwai kiyaye numfashi, kada ya shiga ko ya fita cikin gafala. To ka ga har numfashin muna da shi. Bambancin shi ne su in sun zauna ba gaban kowa suke zaune ba, mu kuwa gaban Ubangiji muke. Wanda ya share ɗaki don baƙo na zuwa da wanda ya share don ya ga ɗaki a share, tsintsiya ɗaya suka riƙe amma niyya ta raba su. Shawarata, darasin ka riƙe shi, gidan ka bar musu.

Abu Sumayya:
Allah ya gafarta Malam, a ƙarshen maganar mun haɗu, ya bar gidan. Sauran batun ɗariƙu ka san inda na tsaya ba sai mun buɗe shi a nan ba. Abin da zan ƙara kawai hadisin mutumin da ya munana sallarsa, sau uku ana ce masa koma ka yi sallah ba ka yi sallah ba, da aka zo koya masa me aka yi ta nanatawa? Ka yi ruku'u har ka natsu, ka ɗago har ka daidaita, ka yi sujada har ka natsu. Mu ne muka mayar da sallah kamar kaza na tsattsagar tsaba, raka'a huɗu a minti biyu, sannan mu ce ba mu samu natsuwa ba mu tafi nema a Japan.

Baba Malam:
Wannan gaskiya ne ɗana, ban da abin cewa.

Nas a Ingila:
Sannunku. Bari in sa baki ta ɓangaren aikina don a nan asibitoci suna amfani da wani abu da ya samo asali daga wannan. A 1979 wani masanin kimiyya Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, wanda shi kansa ya yi zama a hannun malaman Zen, ya buɗe wani shiri a asibitin jami'ar Masachuset don marasa lafiyar da ciwo ya ƙi barinsu, irin ciwon baya da ya daɗe. Ya cire turare da gunki da karatun, ya bar horon hankalin. Sati 8 ake yi, ana haɗuwa sau ɗaya a sati kuma kullum mutum ya yi wajen minti 45 a gida. Darasin farko ma zabibi guda ɗaya ake ba ka, ka kalle shi ka shinshina ka tauna a hankali, mutane da yawa a nan suke gane shekara nawa suna cin abinci ba su san ɗanɗanonsa ba. Daga baya wasu masana suka haɗa shi da maganin ciwon damuwa ta hanyar hira, kuma hukumar NICE da ke tantance magani a nan Ingila ta amince da shi ga masu ciwon damuwar da ke tafiya yana dawowa. Dalilin da yake aiki shi ne mai wannan ciwon tunani ɗaya yake ta tuƙawa, ni ban da amfani ni na jawo, to in ya koyi ganin tunanin a matsayin tunani kawai ba gaskiyar da aka saukar ba, sai ya rage jan shi cikin rami.

Sai dai dan Allah a kula. Ba kowa yake yi wa daɗi ba. Wanda ya ga tashin hankali, irin 'yan'uwanmu da aka kai wa hari ko aka yi garkuwa da su, in ka ce ya zauna shiru shi kaɗai da zuciyarsa abin da ya gani ne zai taso masa, wani har numfashi ya sarƙe. Irin wannan yana buƙatar likita a kusa. Kuma kada wanda ke shan magani ya ajiye ya ce zai yi zama. Ƙanena kai kuma rashin barci tun Nuwamba ba abin wasa ba ne, jami'arku ba za ta rasa asibitin ɗalibai ba, ka je.

Ɗan Zazzau a Japan:
Zan je Anti, in sha Allahu cikin satin nan. Kuma maganarki ta cewa ba kowa yake yi wa daɗi ba su ma sun sani, Hakuin ɗin da na ambata shi da kansa ya ba da labarin yadda ya matsa wa kansa da zama har ya kwanta ciwo, suna ce masa ciwon Zen.

Direban Tirela:
Ku yi haƙuri ni ba ɗan boko ba ne amma na saurara. Wannan magana ta ka zauna a yanzu ka manta da gobe, ta wanda cikinsa ya cika ce. Ni ina da 'ya'ya bakwai, buhun masara ya kusa ƙarewa, mai gidan haya ya ba ni zuwa ƙarshen wata, ga gas ya yi tsada mai mota yana ƙorafin balas. In ban yi tunanin gobe ba wa zai yi min? Mutanen Japan suna da wuta suna da ruwa suna da albashi dole su zauna su ƙirga numfashi. Talaka numfashin ma da ƙyar yake fita.

Maman Hanifa:
Wlh Baba Direba ka faɗi abin da ke raina nake jin nauyin faɗa.

Ɗan Zazzau a Japan:
Ranka ya daɗe ban raina maganarka ba ko kaɗan, ni ma da farko haka na ɗauka. Amma bari in ba ku labarin da ya canza min fahimta, Dogen ne ya rubuta shi da kansa a cikin nasihar da ya yi wa masu dafa abinci a gidajen ibadarsu a 1237. Yana saurayi ɗan shekara 23 ya tafi Sin neman ilimi a 1223. Jirginsu yana tsaye a tashar ruwa sai ga wani tsoho ya shigo sayen naman kaza, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci, wadda aka kawo daga Japan. Ashe shi ne mai girkin wani babban gidan ibada, ya yi doguwar tafiya a ƙafa saboda washegari akwai biki yana so ya yi wa almajirai miya mai daɗi. Dogen ya ji daɗin hira da shi ya ce ya kwana, tsoho ya ce ina, in bai koma ba girkin gobe zai lalace. Dogen ya ce ba wasu ne da za su yi ba, kuma kai da tsufanka me ya sa ba za ka zauna ka yi zazen ka yi karatu ba ka tsaya wahalar kicin? Tsohon ya yi dariya sosai ya ce masa kai baƙo har yanzu ba ka san mene ne aikin ba.

Bayan nan ya sake ganin wani tsohon, ɗan shekara 68, da tsakar rana ba hula a kansa ya dogara sanda gumi na zuba yana shanya kayan miya. Ya ce me ya sa ba ka sa yara su yi ba? Ya ce wasu ai ba ni ba ne. Ya ce to ka bari rana ta yi sanyi mana, ya ce in ba yanzu ba sai yaushe. To ka ga Baba waɗannan ba masu hutu ba ne, kuma na farkon ai tunanin gobe ne ya fito da shi daga gida. Gobe ɗin ya sa a gaba amma ya mayar da ita aikin yau, ya sayo abin da zai sayo ya kama hanya. Abin da suke yaƙa shi ne irin nawa, in kwanta ƙarfe 2 na dare ina biyan kuɗin asibitin Baba a zuci sau ɗari, gari ya waye ko sisi ban biya ba kuma na kasa aikin da zai kawo kuɗin. Wani tsohon malaminsu na Sin, Baizhang, ana ruwaito cewa ya ce ranar da ba aiki ba cin abinci, kuma har yau a Eiheiji, gidan da Dogen ya kafa a 1244 a cikin duwatsun Fukui inda ƙanƙara ke zuba sosai, tun kafin asuba ake tashinsu, shara da goge daɓe da wanke banɗaki duk cikin horon ne.

Direban Tirela:
To wannan tsohon na gane shi, mutumin kirki ne, ya san amanar aiki. Amma fa har yanzu shi ya san akwai kuɗin sayen kayan miyar. Ni maganata ranar da babu.

Baba Malam:
Alhaji gaskiyarka, kuma addini bai ƙaryata ka ba. Ya zo a Muslim cewa babu sallah idan an kawo abinci, saboda an san mai jin yunwa hankalinsa na kan akushi. Wanda ya ce wa mayunwaci ya natsu bai ba shi loma ba ya zalunce shi. Sai dai ka tuna da ɗayan hadisin, in alƙiyama za ta tsaya alhali a hannun ɗayanku akwai dashen dabino, in zai iya dasawa kafin ta tsaya to ya dasa. Babu gobe da ta kai wannan tsanani amma aka ce abin da ke hannunka shi za ka yi. Allah ya buɗa maka, ya rufa asiri.

Direban Tirela:
Amin Allah ya gafarta Malam. Wani abu ma da zan faɗa, mu a kan titi mun san wannan abin ba da suna ba. In na ɗauko kaya daga Legas na zo wajen Jebba zuwa Mokwa da daddare, ba haya ba masara a kaina, daga ni sai fitila sai ramin da ke gabana sai ƙarar inji, in giya ta canza murya tun kafin yaron mota ya ji na ji. Abokan aikinmu da yawa da muka binne ba barci ne ya kashe su ba, tunani ne, ido a buɗe mutum yana gida yana faɗa da matarsa. Amma ni ban kira wannan natsuwa ba, tsoro ne. Da na yi fakin na kashe mota duk sai su dawo min.

Ɗan Zazzau a Japan:
Baba wannan da ka faɗa ya fi duk abin da na rubuto. Inaga abin da suke ƙoƙarin koya kenan, hankalin nan da kake da shi a sitiyari ya zama mutum na iya samunsa ba sai mutuwa na gabansa ba. Ko suna kaiwa ko ba sa kaiwa wannan kuma zama uku bai isa in ce komai ba.

Malamin Tarihi:
Ina bin ku tun ɗazu. Abu ɗaya nake so a sa a ma'auni don kada a ɗauka duk wanda ya iya tattara hankali ya zama mutumin kirki. Lokacin da Japan ta mamaye Koriya da sassan Sin har zuwa yaƙin duniya na biyu, manyan malaman Zen da yawa sun goyi bayan sojoji, an yi amfani da wannan koyarwar ta kada ka yi tunani ka yi abin da ke gabanka kawai wajen horar da mayaƙa. Sai a 2001 Myoshinji, babbar cibiyar Rinzai da ke nan Kiyoton da kake, ta fito ta nemi afuwa. A ɗaya gefen kuma ga Thich Nhat Hanh na Biyetnam, shi ma malamin Zen ne, ya tsaya kan a daina yaƙin ƙasarsa har aka hana shi komawa gida kusan shekara 40, Martin Luther King ya ba da sunansa don kyautar Nobel a 1967, daga baya ya kafa cibiyarsa a Faransa a 1982, ya rasu 2022. Horo iri ɗaya, ɗaya ya kai ga takobi ɗaya ya kai ga sulhu. Maharbi ma ai hankalinsa a tattare yake.

Abu Sumayya:
Jazakallahu khairan Malam, abin da nake ta faɗa kenan. Natsuwa ba tare da shiriya ba wuƙa ce, ya danganta da hannun da ta faɗa.

Yar Gobir:
Amma Malam Abu mu ma akwai masu dogon ƙiyamullaili da suke cin amanar marayu, kada mu yi kamar su kaɗai ke da wannan matsalar.

Abu Sumayya:
Haka ne Hajiya, na karɓa. Allah ya shirye mu.

Maman Hanifa:
To ni jama'a jiya da daddare na gwada wani abu, ba zaman kowa na yi ba. Na bar waya a ɗaki na fito wanke-wanke, na ce kwanukan nan kawai zan wanke ba zan biya kuɗin makaranta a cikinsu ba. Wlh ban kai kwano uku ba na tsinci kaina a gidan surukata muna wata magana ta bara, na dawo, na sake tafiya na sake dawowa, haka har na gama. Amma abin da ya faru Hanifa ta zo ta tsuguna kusa da ni tana ba ni labarin wata ƙawarta da aka canza wa aji, kuma na ji labarin tun daga farko har ƙarshe, da can sai dai in yi ta cewa uhm uhm ina latsa waya. Yarinyar nan har ta ce Mama yau ba ki da data ne. Na shiga ɗaki na yi kuka. Taura biyu ba ta taunuwa, mun sani tun muna yara amma kullum huɗu nake cusawa.

Nas a Ingila:
Maman Hanifa wannan tafiya da dawowar da kika yi ta yi, shi ne aikin gaba ɗaya, mutane suna ɗauka sai kai ya zama fayau ba tunani sannan an yi daidai, sai su ce sun kasa su bari. Ba wanda kansa ke zama fayau. Allah ya raya Hanifa.

Ɗan Zazzau a Japan:
Amin. Anti Maman Hanifa kin tuna min wani gajeren labarinsu, wani sabon almajiri ya ce wa malami Zhaozhou ya koya masa, malamin ya ce ka sha kununka? Ya ce na sha. Ya ce to je ka wanke kwanonka. Iyakar darasin kenan.

Malam Abu Sumayya da Baba Malam, na yi tunani a kan maganarku kwana biyun nan kuma na yanke ba zan koma gidan ba, na faɗa wa abokina kuma bai ji haushi ba, har ya tambaye ni yadda muke sallah na nuna masa. Ba zan ce na yi nadamar zuwa ba don in na faɗi haka na yi ƙarya, a can na ga ciwona. Abin da nake yi yanzu in na yi alwala ba na tayar da sallah nan take, sai in zauna a kan darduma kamar minti biyar waya a kashe har numfashi ya lafa, sannan in tashi. Jiya a isha'i na san abin da na karanta a raka'a ta farko da ta biyu, a ta uku na tafi Shika.

Abu Sumayya:
Alhamdulillah, Allah ya tabbatar da mu. Batun rashin nadamar ban gamsu ba amma za mu yi magana ta waya. Yaya jikin Baban?

Ɗan Zazzau a Japan:
Da sauƙi, an ce gobe za a sallame su in gwajin jinin ya fito lafiya.

Yar Gobir:
Allah ya sa. Ni kuma gwiwa ce matsalata ba na iya tanƙwashe ƙafa ko minti biyu, a kan kujera zan iya?

Ɗan Zazzau a Japan:
Za ki iya Hajiya, a can ma na ga tsofaffi biyu a kan kujera. Ki zauna a bakinta kada ki jingina, tafin ƙafa duka biyu a ƙasa. Bari in tashi, ƙarfe 1 na dare ta wuce a nan kuma da safe zan je asibitin da Anti ta ce.